Likitar ta yi, amma ɗakin gwajinsu ya ƙona min rai

Shekara huɗu ke nan ina fama da amosanin gaɓoɓi, irin wanda da asuba yatsu ke sandarewa har ɗaura zani ya gagara. Methotrexate nake sha, sau ɗaya a mako. Da muka fara maganar haihuwa, ƙanwar mamata ta tura ni wani asibitin kuɗi a nan Kano, wai likitar gaɓoɓinsu tana aiki tare da likitan mata.

Ranar farko kam sai hamdala. Ina faɗin sunan maganin ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, ina maigidan? A kira min shi." Aka taso shi daga mota. Ta zaunar da shi ta yi masa dalla-dalla: ƙwayar nan tana jawo ɓari, tana iya nakasa jariri, sai na bar ta wata uku kafin ciki ya shiga. Mutumin da gorin Hajiyarsa ya hana shi sakat, da bakinsa ya ce a ci gaba da tazara. Ni na yi watanni ina faɗa masa, ko a jikinsa! Ta mayar da ni kan hydroxychloroquine da sulfasalazine, ta haɗa min da folic acid, ta ja min kunne kan diclofenac ɗin kemis, musamman in ciki ya tsufa.

To, sai gwajin anti-Ro, wani sinadari a jinin uwa da kan iya taɓa zuciyar jariri a ciki. Ta ce in an same shi a jinina, za a riƙa duba bugun zuciyar jariri daga mako na 16 zuwa na 26. Na biya, kun san yadda kuɗinsa yake. Bayan sati biyu na koma, yaron ɗakin gwajin ko ɗago kai bai yi ba: "Ba mu ga jininki ba." Sai ka ce ɗankunne na yar. Aka sake tsira min allura a hannun da ke ciwo, aka sake karɓar kuɗi, ko sannu babu.

Na tuna ma, wata nas a wurin awo ta ce in daina hydroxychloroquine, wai me ya haɗa mai ciki da maganin maleriya kullum. Allah Ya sa na kira likitar kafin in bi maganarta.

Yanzu cikin wata shida, gaɓoɓin sun lafa, ko da yake likitar ta ce sukan motsa bayan haihuwa. Don ita nake komawa. Kuɗin gwajin nan dai ban yafe ba.