Zare da kwarashin da za ki saya idan saƙar shel ɗinki za ta riƙa buɗewa

Saƙar shel ba ta da wuyar koyo. Ki jera dabul 5, wato doguwar saƙar da ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a shiga ido, a ido ɗaya su buɗe kamar mafici, ki tsallake ido 2, ki danne da singil, wato gajeriyar saƙar da ba a naɗa mata zare, ki sake tsallake 2, shi ke nan. Muddin aikin miƙe yake sambal, faɗin farko shi ne faɗin ƙarshe, kusan kowane zare zai yi miki. Rigima tana tasowa ne idan aka ce abin ya riƙa faɗi yana tafiya: ƙasan rigar jaririya, shawul mai kusurwa uku, bargon goyo mai zagaye. A nan zaren da ya yi kyau a kan kantar mai shago yake nuna halinsa na gaskiya. Saboda haka kafin ki ɗauki jaka ki nufi kasuwa, ki fara tsayar da yadda za ki faɗaɗa aikin, domin wannan ne zai gaya miki irin zaren da ya dace, yawansa, da ko kwarashi ɗaya zai isa.

Ɗauki rigar jaririya. A ce kin gama saman rigar, kina da ido 96 a zagayen ƙirji. Kowane shel da singil ɗinsa yana cin ido 6, kin ga shel 16 ke nan. Kina iya barin su 16 ɗin, ki riƙa ƙara musu girma: layuka kaɗan da dabul 5, sai ki koma 7, can ƙasa ki kai 9. Wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙi ga mai koyo, ba ta buƙatar lissafi, rigar kuma tana buɗewa a hankali. Amma fa tana shan zare. Layin dabul 7 ya fi na 5 da kusan kashi 40 cikin 100, na 9 kuwa ya kusa ninka shi. Sannan dabul 9 a ido guda cunkoso ne, zare mai kauri ba ya yarda, sai gindin shel ɗin ya kumbura, ƙarƙashinsa ya bar rami. Idan wannan hanya kika zaɓa, siririn zare mai laushi za ki nema.

Kina kuma iya ƙara yawan shel ɗin su kansu. Maimakon tsallake ido 2, ki tsallake 1, sai kowane shel ya ci ido 4, wancan 96 ɗin ya ba ki 24 a tashi ɗaya. Rigar za ta yi tattara tun daga ƙirji, irin wadda iyaye ke so ranar suna. Wannan hanyar tana son zare mara nauyi, don duk faɗin nan a kafaɗar rigar zai rataya. Akwai kuma masu ƙari ta gefe kawai, kamar a shawul mai kusurwa uku inda kowane layi ke fin na ƙasansa da shel ɗaya. Wasu sarƙa suke sakawa tsakanin shel da shel, hanyar da ta fi kowacce tattalin zare, sai dai tana barin ramuka, kuma ni dai ba na yi wa jariri ita, don 'yan yatsunsa suna maƙalewa. Ta ƙarshe ita ce canza kwarashi: ki fara da ƙarami, ki riƙa hawa zuwa babba. Faɗin da take bayarwa kaɗan ne, ta fi amfani idan an haɗa ta da wata.

Yanzu maganar yawan zare, wadda ita ce ta fi cutar mutane. Aikin da ke faɗi yana yaudarar ido. Koma kan shawul ɗin nan mai kusurwa uku, a ce layi 40 za ki yi. Layi na farko shel 1, na biyu 2, har na 40 mai shel 40. Jimillarsu 820. Lokacin da kika kai layi na 20, za ki ɗaga aikin ki ce an yi rabi, alhali shel 210 kacal kika yi, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Layuka 10 na ƙarshe su kaɗai shel 355 ne. Haka abin yake ga bargo mai zagaye: in kin ninka faɗinsa, zaren da zai ci ya ninku huɗu. Wadda ta ce bari ta sayi dunƙule biyu ta ga inda za su kai ta, sannan ta dawo ta ƙaro, ta shirya wa kanta wahala, domin ranar da za ta dawo wataƙila kalar ta ƙare, ko kuma an kawo sabon rini. A jikin takardar da ke naɗe da zare mai kyau akwai lambar kala, akwai kuma lambar rini, wadda galibi ake rubuta Lot a gefenta. Dunƙule biyu masu lambar kala ɗaya amma lambar rini daban, a cikin shago ba za ki ga bambanci ba. Sai an shanya bargon a rana za ki ga layi ya raba shi biyu, kuma a daidai gefen da ya fi faɗi, inda ido ke fara sauka.

Hanyar gane abin da za ki saya ba ta da wuya idan kina da ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram. Ki saƙa ɗan gwaji mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi, da shel mafi girma da za ki yi a aikin, ki auna. In ya ba ki giram 5, bargo mai santimita 90 kowane gefe yana ɗauke da irinsa 81, kin ga giram 405 ke nan. Ki ɗora dunƙule ɗaya a kai saboda ƙarshen baki da kuskuren hannu. Kuma idan kina kwatanta farashi, mita za ki duba, ba girman dunƙule ba. Stylecraft Special DK na Ingila giram 100 ne mai mita 295. Alize Cotton Gold na Turkiyya shi ma giram 100 ne, mita 330. Himalaya Dolphin Baby kuwa, mai taushin nan irin na karan-miski, giram 100 ɗinsa mita 120 ne kawai. Nauyi ɗaya, amma na ƙarshen zai ƙare miki tun ba ki je ko'ina ba.

Zaren da ya fi yawa a kasuwanninmu, wanda kowa ke kira ulu, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne, dangin roba. Ba aibu ba ne. Ga aikin da ke faɗi yana da abin yabo babba: ba shi da nauyi, yana ɗan miƙewa ya koma, saboda haka yana rufa wa mai koyo asiri idan ta ƙara shel a inda bai kamata ba. Yana jure wanki, yana bushewa da wuri, kuɗinsa kuma da dama-dama. Don shawul ɗin hunturu, ko kayan jaririn da za a haifa a wuri mai sanyi irin Jos, shi nake fara dubawa. Illarsa biyu ce. Yana riƙe zafi, rigar akirilik mai shel cunkus a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri azaba ce ga yaro. Sannan ba ya shiri da dutsen guga. In gefen bargonki ya lanƙwashe kika ce bari ki danne shi da guga, narkewa zai yi ko ya saki jiki ya yi lagwas, ba kuma zai dawo ba. Abin da yake ɗauka shi ne tururi daga nesa, ba tare da ƙarfen ya taɓa shi ba. Shi ma akirilik ɗin hawa-hawa ne. Akwai mai kaushi da ke ƙara a kan kwarashi, wanda bayan wanki biyu zai tsiro da ƙananan ƙulle-ƙulle. Araha ba ta ado, musamman a aikin da za ki kwashe makonni a kansa.

Auduga zalla ita ce ta fi fito da shel tsaf, kowane dabul a tsaye ana iya ƙirga shi. Tana shan gumi, tana da sanyi a jiki, tana ɗaukar guga, kuma in kika jiƙa ta kika shimfiɗa kika daidaita gefenta, za ta bushe a yadda kika ajiye ta. Don shimfiɗar tebur mai zagaye ko adon kujera ba ta da na biyu. Amma tana da nauyi, ba ta kuma miƙewa ta dawo. Rigar auduga da aka buɗe ƙasanta zuwa shel 24 ko fiye, nauyin ƙasan yana jan wuyan rigar har ya saki, idan aka rataye ta a jiƙe kuwa sai ta ƙara tsawo. Hannu ma yana gajiya da ita.

Shi ya sa ga rigar yara, wadda za a sa a zafi kuma ake son ta buɗe sosai, na fi karkata ga gaurayen biyun. Cotton Gold ɗin da na ambata kashi 55 auduga ne, 45 akirilik. YarnArt Jeans ma haka haɗinsa yake, sai dai shi ƙaramin dunƙule ne, giram 50 mai mita 160. Irin waɗannan suna fito da shel ɗin sarai, ba su kai auduga nauyi ba, siririntarsu kuma tana barin dabul 7 ko 9 su zauna a ido ɗaya ba tare da kumburi ba. Sun fi ulun kasuwa tsada, ba a kuma samunsu a kowane shago, sau da yawa sai wajen masu sayarwa ta intanet. Akwai wanda ake tallatawa da sunan milk cotton, mai laushi ƙwarai, shi kuma haɗinsa ya danganta da kamfanin da ya yi shi, don haka ki karanta takardar. Ki kuma duba murɗinsa, don wasunsu silinsu a sake yake, kwarashi yana ratsa tsakiyarsu, a shel kuwa inda za ki shiga ido ɗaya sau 7, wannan abin haushi ne.

Mai taushin karan-miski ki bar shi don wani aikin. Gashinsa yana ɓoye ido, ba za ki ga tsakiyar shel ba balle ki san inda za ki yi ƙari, warwarewa kuma yana sa shi zubar da gashi. Haka zare mai kaloli da yawa a dunƙule ɗaya, shi ma yana cinye zanen shel ɗin. Baƙi da shuɗi mai duhu suna da kyau in an gama, amma wadda da dare take samun lokacin saƙa, ga wutar da ba ta da tabbas, gara ta ɗauki kala mai haske.

Idan zaren ba shi da takarda, mai shago kuma ya rantse miki auduga ce, ki roƙi guntu kamar tsawon yatsa ki gwada da ashana a waje. Auduga tana ci da wuta da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje. Akirilik yana narkewa ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri. Ulu na gaske warin ƙonannen gashi yake yi. Ki kuma goga dunƙulen a ƙarƙashin haɓarki, abin da ya soke ki a nan zai soki jariri.

Kwarashi kuma da milimita za ki saye shi, kada lamba ko harafi su ruɗe ki. Amurkawa suna kiran na milimita 4 da G-6, na 5 kuma H-8, a ƙananan kwarashin ƙarfe na siririn zare kuwa lambar tana hawa ne kwarashin yana ƙanƙancewa. Zaren DK, wato mai matsakaicin kauri irin Stylecraft ɗin da na ambata, yawanci milimita 4 ake rubuta masa. Don aikin da ke faɗi ki mallaki uku a jere, misali 3.5 da 4 da 4.5: ƙaramin don saman riga inda ake son saƙa ta kama jiki, babban don ƙasa inda ake son ta zubo. Na alminiyam shi ne mai araha, zare yana zamewa a kansa, kuma ya wadatar. Ki dai shafa bakinsa da yatsa kafin ki biya, in kin ji kaifi ko ƙaiƙayi zai riƙa tsarge zare. Na roba a ƙananan lambobi yana lanƙwasa idan shel ya cika ido, wani lokaci ya karye. Na gora yana riƙe zare, yana taimakon mai sakin hannu, amma da auduga jan aiki ne. Masu mariƙi mai taushi irin Clover Amour da Tulip Etimo na Japan suna da tsada, ga kuma kwaikwayonsu masu sauƙin kuɗi sun cika kasuwa. Wadda ke saƙa jefi-jefi ba ta buƙatarsu. Wadda ke karɓar aikin mutane, ana jiranta da shawul kafin ranar suna, ta sayi ko da guda ɗaya ne a lambar da ta fi amfani da ita, saboda layukan ƙarshe masu shel 40 su ne ke kashe wuyan hannu. Abin sa alama a wurin ƙari ba sai kin kashe kuɗi ba, guntun zare mai wata kala ya isa.

In za ki sayi tsarin saƙa a rubuce ko ki bi bidiyo, ki tabbatar na wace ƙasa ne tun kafin ki lissafa zare. Abin da Amurkawa ke kira dabul, wanda shi nake nufi a nan, shi Ingilawa ke kira tirebul, dabul ɗin Ingila kuma shi ne singil ɗin Amurka. Wadda ta gauraya su za ta tarar da shel ɗinta ko ya gajarce ya ƙi buɗewa, ko ya yi tsawon da zai cinye zaren da ta tanada.

A wajen biya, ki juya kowane dunƙule ki haɗa lambar rininsa da ta 'yan uwansa da idonki, kada ki bar wa yaron shago. In ta waya kike saye, ki ce a turo miki hoton takardun duka a jere, da hoton zaren a hasken rana. Ki kuma yi magana da mai shagon tun a lokacin, ko zai karɓi dunƙulen da ya rage idan ba ki cire masa takarda ba, ko ya canza miki shi da wata kala. Da yawansu suna yarda idan kin saba saye a wurinsu.