Sharhi: fentin efoksi a kan bamban Hilux, bayan damina guda

A watan Fabrairun bara wani mai walda a Farin Gada da ke Jos ya ƙera mini bamban gaba, wato ƙarfen kariya na gaban mota, da farantin ƙarfen da ke kare ƙasan inji, domin Hilux ɗin da nake shiga ƙauyukan Bokkos da Mangu da ita sayen dankalin turawa. Ya miƙo mini su babu ko ɗigon fenti, ya ce in shafa jan fentin nan na hana tsatsa da ake yi wa ƙofofi da tagogi. Na taɓa yin hakan a tsohon bamban, kuma kafin damina ta yi nisa ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, shi ya sa a wannan karon na sayi fentin ƙasa na efoksi, wato wanda ake fara shafa wa ƙarfe kafin fentin sama, mai gwangwani biyu, wanda sai an haɗa shi da ruwan da ke sa shi ƙarfi kafin a fesa. Ya fi jan fentin tsada nesa ba kusa ba.

Mai fentin da na kai wa aikin dattijo ne marar gaggawa, kuma yini guda cur ya kwashe bai ko buɗe gwangwanin ba. Sabon ƙarfe yana zuwa da wata baƙar fata mai shuɗi-shuɗi tun daga masana'anta, wadda ido ke ɗauka tsabta ce, alhali idan ta saki daga baya da fentin take tafiya. Da injin gurza ya cire ta, ya bi da samfefa mai lamba 80, sannan mai lamba 180, har ƙarfen ya yi fari. Na ɗauka an gama, sai ya tsoma farin ƙyalle a tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya goga, ya ɗago mini shi baƙi ƙirin, ya ce, "Alhaji, ka ga abin da ke cin kuɗin mutane." Da na kai hannu zan shafa kuwa, riƙe ni ya yi, domin maiƙon tafin hannu kaɗai ya isa ya hana fenti kamawa.

Hunturu ya taimaka ta gefe guda, tunda iska a bushe take kuma ƙarfen bai yi saurin tsatsa ba, amma ƙura da sanyin safiyar Jos sun wahalar da mu. Efoksi ba ya bushewa yadda ya kamata idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 10, don haka sai da rana ta ɗaga, aka yayyafa ruwa a ƙasan garejin, sannan ya fesa sau biyu, kaɗan-kaɗan. Wanda aka haɗa ba ya jira: rabin kofin da ya rage mana, washegari dutse ya zama, kuma wannan asarar ba ta yi mini daɗi ba. Rana tana sa efoksi ya yi gari idan aka bar shi a fili, saboda haka aka rufe shi da baƙin fentin mota cikin lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Warinsa na da ƙarfi, takunkumin yadi ba ya tsare komai.

Yanzu motar ta ci damina guda a jan laka da tsakuwa. Farantin ƙasa ya sha duwatsu, akwai wuraren da suka ƙarce har ƙarfe, sai dai tsatsar ta tsaya a cikin ƙarcen, ba ta rarrafa ƙarƙashin fentin ba kamar yadda ta yi a da. A ganina, wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Inda aikin ya gaza shi ne lungunan walda biyu da injin gurza bai kai ba, mu kuma ba mu bi da burushin waya ba. Can fentin ya kumbura. Akwai kuma bututun ƙasan bamban da ruwa ke kwanciya a ciki, wanda na gane sai da na ga jan ruwa yana ɗiga bayan wanki. Na sa an huda masa ƙaramin rami, lungunan kuma zan mayar wa dattijon su kafin ruwan Afrilu ya sauka.