Na sayi kwafin zanen Munch na yaran Dr Linde, ga yadda ya zo

Kwafi ne da aka buga a kan kyalle, na yi oda daga wani shago a intanet, kuma gaskiya kafin ya iso har na fara cire rai. Ya zo a nannaɗe cikin kwali, ba firem, sai da na kai wajen mai firem ya ɗaure min shi a katako.

Yawancin mutane in an ce Edvard Munch abin da ke zuwa musu rai shi ne zanensa na mutumin nan mai kururuwa da hannu a kunne, amma shi ɗan Norway ɗin nan zanen fuskokin mutane ne ya riƙe shi shekarun da ya yi a Jamus. 1892 aka gayyace shi baje koli a Berlin, mako ɗaya kacal aka rufe wai aikin bai ƙarasu ba, shi kuwa gogan sai abin ya zame masa talla. Daga baya wani likitan ido a Lübeck, Max Linde, ya jawo shi gidansa, a 1903 ya zana 'ya'yansa maza huɗu tsaye gaban farar ƙofa. Asalin yana gidan tarihi na Behnhaus a can Lübeck, faɗinsa kusan mita 2, nawa kuwa bai kai rabin haka ba.

Fuskokin sun fito wallahi, musamman babban yayan da ya jingina ya karkata kai kamar hankalinsa na wani waje, kowane yaro da nasa hali, ba irin hoton situdiyo da ake jera yara a ce kowa ya yi murmushi ba. Inda masu shagon suka ban haushi shi ne farin ƙofar, ya ja ruwan ɗorawa kamar tsohuwar takarda, alhali wannan farin shi ke fito da yaran. Sawun buroshi kuma babu shi sam, sumul, to ai Munch ba sumul yake aiki ba. Na tura musu saƙo suka ce wai hasken wayata ne, haba dai.

Duk da haka yana rataye a falo, baƙi na tambaya yaran waye. In za ku saya ku nemi su turo hoton bugun na gaske tukuna, kuma ku ɗauki babba, ƙarami cinye fuskokin yake.