Tiyon iska mai sanyi ga filta ta tsiraici: buɗaɗɗen tiyo ko rufaffen akwati?

Malam, ka ce ka cire akwatin iska na kamfani ka ɗaura filta mai siffar mazurari, injin ya ƙara gurnani mai daɗin ji, amma da zarar ka daɗe cikin cunkoso sai motar ta yi nauyi. Tambayarka ita ce ko ka jawo tiyo daga gaban mota ya riƙa hura wa filtar iska, ko kuwa ka rufe ta cikin akwati wanda ba ya shaƙa sai ta tiyon.

Dalilin nauyin da kake ji shi ne zafi. Inji yana ƙona mai ne gwargwadon nauyin iskar da ta shiga silinda, iska kuwa tana saki idan ta ɗumama, ta yadda kowane ƙarin digiri 10 na Salshiyas yake rage mata nauyi da kusan kashi 3 cikin ɗari. Idan a waje digiri 25 ne amma filtarka tana shaƙar iska mai digiri 55 a ƙarƙashin bonet, kusa da lagireto da bututun hayaƙi, ka yi asarar kimanin kashi 9 cikin ɗari na nauyin iskar. Bayan wannan, akwai sensa da ke auna zafin iskar da ke shiga, kuma idan ƙwaƙwalwar motar ta ga zafin ya hau, sai ta jinkirta tartsatsin fulogi don kare injin daga ƙwanƙwasa, wato fashewar mai a cikin silinda ba bisa ƙa'ida ba. Wannan jinkirin ne direba ya fi ji a ƙafarsa idan ya taka totur.

Buɗaɗɗen tiyo shi ne mai sauƙin aiki: bakinsa ɗaya a bayan ragar gaba ko a ramin fitilar hazo, ɗayan yana fuskantar filtar da tazarar 'yan santimita. Rauninsa shi ne ba injin ne yake zuƙo iskar ta cikinsa ba, gudun motar ne yake turo ta. A kan babbar hanya zai yi aiki, amma a can dama iska tana ratsa ɗakin injin, zafin ya sauka da kansa. A cikin cunkoso kuwa, inda matsalarka take, babu abin da ke motsi a cikin tiyon, fankar lagireto kuma tana watso iska mai zafi kai tsaye wajen filtar. Saboda haka ban ga amfanin ɗaura shi shi kaɗai ba, sai an haɗa da garkuwar zafi ta alminiyam wadda za ta raba filtar da injin, a sa mata roba a baki ta manne da bonet idan an rufe.

Rufaffen akwati, irin samfurin K&N Apollo ko BMC CDA ko Pipercross Viper, aikinsa daban ne, domin filtar tana ciki a killace kuma duk iskar da injin ya nema sai ta biyo ta tiyon daga waje, ko motar tana gudu ko tana tsaye. Ta fuskar zafi ya fi buɗaɗɗen tiyo nesa ba kusa ba. Sai dai tunda tiyon ya zama hanya ɗaya tilo, duk kuskuren da aka yi a kansa injin ne zai biya. Tiyo mai ƙunci, ko mai tsawo da lanƙwasa da yawa, ko wanda ya lotse a bayan fitila, zai shaƙe injin fiye da akwatin kamfanin da ka cire. Kada faɗinsa ya gaza na bakin filtar. Milimita 70 zuwa 100 ne aka fi amfani da su, kuma na silikon ya fi jure zafi idan zai wuce kusa da bututun hayaƙi. Gurnanin da kake so ma zai ragu sosai.

Babban bambancin da nake so ka auna shi ne ruwa. Buɗaɗɗen tiyo ko ya nutse ba zai zuƙo ruwa ba, domin akwai tazara tsakaninsa da filtar. Rufaffen kuwa, idan bakinsa yana ƙasan bamba ka shiga ruwa mai zurfi, injin zai zuƙe shi kamar yadda ake zuƙar lemo da tsinke, ruwa kuma ba ya matsuwa, don haka fistin zai tsaya cak a tsakiyar tafiyarsa, sandar da ke haɗa shi da karanshaf ta lanƙwashe ko ta karye. Wanda ya zaɓi rufaffe ya ajiye bakin tiyon a sama, daidai tsayin ragar gaba, ya bar ƙaramar huda a wurin da tiyon ya fi sauka don ruwan fantsama ya zube.

Kada kuma ka zaɓi ɗayansu da fatan gudu zai danna iska cikin injin. A kilomita 100 cikin awa, matsin da gudu yake ƙarawa bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na matsin iskar sarari ba. Idan motarka mai turbo ce, ribar duka biyun za ta ƙara raguwa, tunda intakula tana sanyaya iskar bayan turbo ya matse ta.

A ganina, tunda filtar tana hannunka, ka fara da garkuwa da buɗaɗɗen tiyo tare, domin ba su jefa injin cikin haɗarin ruwa. Kafin ka ɗaura da bayan ka ɗaura, ka jona na'urar OBD, wadda ke karanto bayanai daga ƙwaƙwalwar mota, ka karanta zafin iskar shiga a hanya ɗaya, cikin cunkoso da kan gudu, ka kwatanta da zafin waje. Idan a tsaye bambancin zafin yana nan da yawa, to sai ka koma ga rufaffen akwati mai baki a sama, ko ka mayar da akwatin kamfanin, wanda a yawancin motoci dama daga waje yake shaƙa, ka sa masa filta mai sakin iska.