Google Fonts da baƙaƙena masu lanƙwasa

Ina da ɗan shafi a intanet inda nake ɗora gajerun labaraina. A kwamfutata komai tsaf yake fitowa, sai ranar da ƙanwata ta turo mini hoton yadda yake a tata. Kalmar "ƙarƙashi" ce ta fara tsone mini ido: ƙ ɗin nan biyu sun fi sauran haruffa kauri, sun ɗan zarce layi, kamar an yanko su daga wani littafi an manna. A wata tsohuwar waya kuwa, duk inda ɗ take sai ka ga ɗan akwati fayau. Raina ya ɓaci, domin mai karatu ba zai san ba haka na rubuta ba.

Ashe shafina sunan salon haruffa kawai yake kira, ba ya tafiya da shi. In kwamfutar mai karatu ba ta da wannan salon, burauza, wato manhajar buɗe shafi, ta ɗauko wanda ta samu. Arial da Georgia suna nan a Windows da Mac, amma wayar Android da Roboto take zuwa. In kuma salon na nan amma babu ƙ a cikinsa, sai a aro ƙ kaɗai daga wani wuri. Abin da ƙanwata ta gani ke nan.

Shi ya kai ni Google Fonts, rumbun haruffa da aka buɗe a 2010, wanda yanzu ke da salo sama da 1,500, duk kyauta. Layi ɗaya za ka kwafa ka saka a saman shafinka, ka kira sunan salon, shi ke nan, haruffan su riƙa sauka tare da shafin a kan kowace na'ura. Saka shi bai ɗauke ni minti goma ba.

Zaɓen salon ne ya ci mini yini guda, kuma a nan nake so a saurare ni. Ba kowane salo a rumbun ne ke da baƙaƙenmu ba, musamman masu ado na kanun labari. Abin da ya fi burge ni shi ne wurin gwaji, inda za ka rubuta jimlarka ka gan ta a salo bayan salo. Ni "Ɓarawo ya ɗauke ƙaramar ƴar akuya" na rubuta, na ƙara da Ɗ da Ƙ da Ƴ, saboda manyan ma sai an duba su. Na matso da fuskata kusa da allo ina kallon lanƙwasar kowanne. Noto Sans ya ci jarrabawa. Haka Andika da Charis SIL, waɗanda ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna ta zana da harsuna irin namu a zuciya. Charis na ɗauka don jikin labari, domin ƙugiyar ɗ ɗinsa a sake take, ba ta cin harafin da ke gabanta.

Kada dai a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Mac takan fito da rubutu da ɗan kauri fiye da Windows ko da salon ɗaya ne, wannan aikin na'ura ne. Kowane kauri da ka ƙara kuma ƙarin nauyi ne ga mai ƙarancin data, shi ya sa na tsaya a kan biyu, na yau da kullum da mai kauri. Na kuma riƙe umarnin da ke nuna rubutu nan take da haruffan na'ura kafin nawa su iso.

Akwai batun sirri. A Janairun 2022 wata kotu a Munich ta Jamus ta umarci wani mai shafi ya biya diyyar Yuro 100, saboda jawo haruffan kai tsaye daga Google yana miƙa adireshin intanet na mai ziyara ba da izininsa ba. Lasisin haruffan ya yarda ka sauke fayilolin ka ajiye a wurinka, haka kuwa na yi daga baya.

Da na gama sai na ce wa ƙanwata ta sake turo hoto. Na buɗe nata kusa da nawa, na nemo "ƙarƙashi", na tarar ƙ biyun sun zauna daidai da ƴan'uwansu.