Kafintan Katako da aninan Baba

Duk wanda mahaifinsa ya ajiye kaki, kuma lambobinsa na zube a durowa tare da tsofaffin makullai, ina ba shi shawara ya leƙa kasuwar Katako a nan Jos. Bayan masu yankan gilashi akwai wani ɗan shago da ba shi da allon suna. Mai shi dattijo ne, kafinta, amma aikin da ya fi karɓa yanzu shi ne akwatin gilashi na ratayewa a bango, wanda ake jera lambobin girma a ciki. Hannunsa na da kyau, alkawarinsa na da rauni, kuma duk da haka zan sake kai masa aiki.

Babanmu ya shiga aikin ɗan sanda a 1990, kadet sufeto, wato sufeto mai koyon aiki, a Challawa ta Kano, tun kafin a haɗe makarantar horar da jami'an 'yan sanda wuri guda a Wudil a 1996. Ya fita a 2025 yana DCP, wato mataimakin kwamishinan 'yan sanda. Shekara 35 ke nan cif, don ƙa'ida ita ce shekara 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Abin da na kai shagon a leda: lambobin kafaɗa, shuɗiyar hular da ya sa a Laberiya lokacin aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, lambar yabon da ya samo a can, usur, da wasu hotuna da suka fara jajir.

Na zazzage su kan benci. Kafin in buɗe baki, Malam ya fara jera su. Anini ɗaya (tauraron kafaɗa ke nan), anini biyu, wato ASP, ƙaramin mataimakin sufuritanda, kafin a tabbatar masa da muƙamin da bayan an tabbatar. Anini uku, DSP, mataimakin sufuritanda. Sai tambarin ƙasa mai mikiya shi kaɗai, SP, sufuritanda. Mikiya da anini, CSP, babban sufuritanda. Sannan sandunan nan biyu da aka gitta a cikin zagayen ganye, na ACP, ƙaramin mataimakin kwamishina, da wanda aka ɗora wa anini a sama, na DCP. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya ce, "Hajiya, ai Kwalejin Manyan Jami'an 'Yan Sanda na garin nan, kan hanyar Bukuru. Masu zuwa kwas sun daɗe suna kawo mini aiki, dole in san na gaba da na baya." Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa wurinsa. Na taɓa ganin irin akwatin nan a falon wani gida, an sa mikiya a ƙasa da anini uku, kuma mai gidan kullum yana zaune a ƙarƙashinsa.

Amma abin da ya fi kama ni shawarar da ya kawo ce. Ni so nake a jera su daidai wa daida, tazara ɗaya. Shi ya ce a'a, a bar wa kowace lamba fili gwargwadon shekarun da Baba ya yi da ita a kafaɗa. Da aka auna, sai ga anini uku zaune shi kaɗai, da wani dogon fili a gabansa, shekara tara. Lokacin ne muka yi ta yawo daga bariki zuwa bariki, Baba na baturen 'yan sanda a garuruwan da ko wutar lantarki babu, Umma na ɗaure kwanuka a zani duk bayan shekara biyu. Abokan kwas ɗinsa wasu sun wuce shi, har akwai wanda Baba ya dawo yana sara wa. Baba bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba, cewa yake gurbi ne babu, kuma girma na Allah ne. Na ce wa Malam anya wannan ba tonon asiri ba ne? Ya ce, "Hajiya, aikin ma a nan aka yi shi. Na sama ai ofis ne da direba." Gaskiyarsa. Lambobi biyun ƙarshe sun zo kusa da juna a cikin shekaru kaɗan, kuma su ne Baba bai cika ba da labarinsu ba.

Ta fannin aiki, katakon maɗaci ya sa, ba falankin nan mai kumbura da damina ba. Bai yarda da gam ba ko kaɗan. Kowace lamba ɗinke ta ya yi da zare a jikin baƙin karan-miski, ya kuma yi bayan akwatin da sukurori yadda za a iya buɗewa a goge. Wanda ya san danshin Jos a watan Agusta ya san amfanin wannan. Hular kuwa ya cusa mata auduga ta tsaya da kyau.

Inda ya gaza: rubutun jikin farantin tagulla ba shi ke yi ba, wani yake kai wa a wajen Terminus, kuma sai da aka sake shi saboda an rubuta 1999 a maimakon 1990. Bai caje ni kuɗin gyara ba, amma ranar da ya ce in zo in karɓa ta wuce, ta sake wucewa, har walimar ritayar ta zo akwatin na shago. Waya ma ba ya ɗagawa idan yana aiki. Ƙugiyoyin ratayewa da ya sa sun yi ƙanana ga nauyin gilashin, sai da yayana ya sayo manya ya huda bango.

Kuɗi naira dubu 95 muka daidaita, bayan ya fara da dubu 120. Baba da ya ji ya yi ta faɗa, wai kuɗin ya isa buhun shinkafa da canji. Ban ga laifinsa ba. Tun da aka sa 'yan sanda cikin tsarin fansho na karo-karo a 2004 ake kuka da abin da ke zuwa hannu, har tsofaffin jami'ai suka yi zanga-zanga a Abuja a watan Yulin 2025. Mai ritaya lissafin kowace naira yake.

Idan za ku je, ku rubuta masa shekarun a takarda da manyan lambobi, ku nemi ganin farantin kafin a kafa shi, kuma ku kai aikin aƙalla wata biyu kafin ranar biki. Rabin kuɗi kawai za ku bayar tukuna.