Bescherelle, littafin atisaye, manhaja ko malami: wanne za ka saya don koyon futur antérieur?

"Kafin ka dawo na gama." Bahaushe yana faɗin wannan kullum ba tare da ya lura cewa aikin bai ma faru ba tukuna. Faransanci ya ware wa irin wannan magana lokaci na musamman, shi ne futur antérieur: j'aurai fini avant ton retour. Ɗalibi yakan ci karo da shi daga matakin B1 zuwa B2, wato matakan tsakiya na koyon harshen, kuma a nan ne da yawa ke kashe kuɗi kan kayan karatun da ba su taɓo matsalarsu ba. Don haka kafin a yi ciniki, a fara sanin inda ƙaiƙayin yake.

Ginin lokacin ba shi da wuya. Ka ɗauki avoir ko être a futur simple, lokaci mai zuwa mai kalma ɗaya, ka liƙa masa participe passé, siffar aikatau ta kammalallen aiki kamar fini. Siffofi 12 ne kacal za ka haddace: aurai, auras, aura, aurons, aurez, auront, sai serai, seras, sera, serons, serez, seront. Wanda ya iya passé composé, shuɗaɗɗen lokaci irin j'ai fini, ya riga ya yi rabin tafiya, domin duk aikatau da ke ɗaukar être a can, irin su aller, venir, partir, arriver, naître, mourir da masu se a gaba, shi suke ɗauka a nan. Korewa tana rungumar mataimakin, wato avoir ko être, ne kaɗai: je n'aurai pas fini. Wannan duka aikin yini biyu ne, ba ya buƙatar a sayi komai.

Wahalar tana wajen sanin lokacin da ake amfani da shi, kuma mai jin Hausa yana da tarkonsa na daban. Kalmar "idan" tana ɗaukar ma'ana biyu. "Idan na gama zan kira ka" na iya nufin da zarar na gama, na iya kuma nufin in har na samu gamawa. Faransanci ya raba su. Na farko quand j'aurai fini, je t'appellerai. Na biyu si j'ai fini, je t'appellerai, kuma si na sharaɗi ba ya karɓar futur ko kaɗan. Shi ya sa takardun ɗalibai ke cika da si j'aurai fini da quand j'ai fini, je t'appellerai, dukansu kuskure. Dokar quand ɗin ce kuma ke aiki bayan lorsque, dès que, aussitôt que da une fois que. Akwai kuma wani amfanin da littattafai masu araha ke tsallakewa, wato zato kan abin da ya wuce: il n'est pas venu, il aura oublié, kamar ka ce "bai zo ba, mantawa ya yi ke nan". Duk abin da za ka saya, ka auna shi da waɗannan.

Bescherelle, mai jan bango, wanda kamfanin Hatier ke bugawa, shi ne sunan da kowa ke fara ambata, musamman wanda ya yi makaranta a Nijar ko Kamaru. Tsofaffin bugu suna ɗauke da alƙawarin aikatau 12,000 a bango. Tsarinsa shi ne ka nemi aikatau a jerin da ke ƙarshen littafi, ka ga lambar da ke gabansa, lambar ta kai ka shafin aikatau na samfuri. A shafin, kowane lokaci mai kalma ɗaya yana maƙwabtaka da takwaransa mai kalma biyu, don haka futur antérieur yana kusa da futur simple. Jerin ƙarshen yana kuma nuna masu ɗaukar être. Amfaninsa a fili yake: ba ya son caji, ba ya cin data, yana kai shekaru. Amma jadawali ne, kamar ƙamus. Zai nuna maka je serai sorti, ba zai sa hannunka ya saba da bambancin elle sera sortie, ta fita, da elle aura sorti la voiture, ta fito da mota ba. Wasu aikatau ne ke wannan sauyin riga daga être zuwa avoir idan suka sami karɓau, irin su monter, descendre, sortir, rentrer, retourner, passer. Tsohon kwafi na hannu ya wadatar, siffofin ba su canza ba. Sai dai ka buɗe shafin devoir kafin ka biya. Idan hular da ke kan dû ta dushe har ba a bambanta shi da du, bugun jabu ne, kuma ƙananan alamomin nan su ne abin da ka zo saya.

Littafin atisaye shi ya fi cancantar kuɗinka idan abu ɗaya kawai za ka iya saya. Grammaire progressive du français na CLE International ya yi suna saboda tsarinsa: bayani a shafin hagu, atisaye a shafin dama, komai da Faransanci mai sauƙi. Abu biyu ke sa mutane asara a nan. Na farko mataki. Littafin yana da débutant, intermédiaire, avancé da perfectionnement, kuma mai neman futur antérieur ya wuce na farkon, don haka ka duba jerin babuka ka ga sunan lokacin da idonka. Na biyu amsoshi. Ana sayar da corrigés a ɗan littafi na daban, kuma dole bugunsa ya zama ɗaya da na babban littafin, in ba haka ba lambobin atisaye ba za su dace ba. Mai karatu shi kaɗai ba tare da amsoshi ba yana iya maimaita kuskure ɗaya sau ashirin har ya zauna masa daram.

Littattafan da ke bayani da Turanci, irin su 501 French Verbs, suna da amfani ga ɗan Najeriya wajen ma'ana, amma suna sa shi bi ta harshe na uku alhali Hausarsa ta fi kusa da abin. "Idan na gama" tuni ta nuna aikin a kammale, kamar yadda Faransanci ke so.

Manhajojin waya kala biyu ne. Masu jadawali, kamar Le Conjugueur na jaridar Le Figaro da sashen conjugaison na Reverso ko Larousse, kyauta ne, kuma suna yin aikin Bescherelle cikin daƙiƙa. Ka gwada kowace da se laver, ka zaɓi jinsin mace idan akwai wurin zaɓa. In ta ba ka elles se seront lavées, ta yi daidai. Abin da jadawali ba zai gaya maka ba shi ne elles se seront lavé les mains ba ya ɗaukar es, saboda karɓau ya zo a bayan aikatau, yayin da les lettres que j'aurai écrites ke ɗauka saboda karɓau ya riga shi. Kala na biyu su ne masu darasi kamar wasa, irin Duolingo. Suna da kyau wajen riƙe mutum kullum da tara kalmomi, amma sai an yi doguwar tafiya kafin a iso wannan lokaci, bayanin nahawu kuma kaɗan ne. Biyan kuɗin wata-wata don futur antérieur kawai bai dace ba. Gara Journal en français facile na RFI, labarai na minti 10 tare da rubutun abin da aka faɗa. Ka riƙa farautar aura da auront a cikin rubutun, ka duba ko participe passé na biye.

Malami ko aji shi ya fi tsada, kuma abu biyu ne kawai shi ke iya yi da littafi ba zai iya ba. Ɗaya gyaran rubutunka. Ɗayan kunne. J'aurai fini da j'aurais fini harafin s ne kawai ya raba su, Faransawa da yawa ma suna furta su kusan iri ɗaya, amma na farko "zan kasance na gama" ne, na biyu "da na gama", wato aikin da bai yiwu ba. Dabarar da malamai ke koyarwa ita ce ka mayar da je zuwa il: in il aura ya zauna, babu s, in il aurait ne, akwai. Alliance Française tana da reshe a Kano da wasu biranen Najeriya, kuma ita ce hanyar da aka saba bi zuwa jarrabawar DELF, ta shaidar iya Faransanci. Ɗaliban jami'a masu karanta Faransanci sukan je ƙauyen koyon harshen da ke Badagry, wanda aka kafa a 1991. Kafin ka biya kuɗin aji, ka tambayi matakin da za a sa ka da kuma ko ana karɓar rubutu a gyara kowane mako. Ajin da ba a gyara rubutu, littafi ya fi shi araha.

Mai shirin DELF B1, inda ake rubuta aƙalla kalmomi 160, littafin atisaye da amsoshinsa da manhajar jadawali ta kyauta sun ishe shi. Mai shirin B2, inda ake son kalmomi 250 kuma kowane ɓangare cikin huɗu ke da maki 25, ya ƙara da ƴan zama wajen malami don gyara. Wanda ke wurin da wuta da intanet ba su da tabbas ya sa Bescherelle a madadin manhaja. Ko wanne ka ɗauka, ka ware shafi guda na participe passé marasa bin ƙa'ida, eu, été, fait, dit, pris, mis, vu, su, pu, dû, voulu, lu, reçu, venu, ouvert, né, mort, ka riƙa rubuta jimla biyar kullum da suka fara da quand ko dès que, uku da avoir, biyu da être, ɗaya daga ciki da mace ko jam'i.